Allon da Maharazu Ya Sayo a Legas

Ranar da Safara'u ta dawo daga unguwar Kajehun ta Kutonu da takardar nan, Maharazu yana zaune a ƙofar gida yana wanke filogin motarsa da fetur a cikin gwangwanin tumatir. Ya ga saukarta daga kan zemijan, babur ɗin haya, ya ga yadda ta riƙe takardar da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai, sai gabansa ya faɗi. Shi dama mutum ne da gabansa ba ya jiran dalili kafin ya faɗi.

"Uwata, lafiya?"

Sunan mahaifiyarsa ta ci, ita ce kuma 'yarsa ta fari, saboda haka bakinsa bai taɓa kiran sunanta ba.

"Lafiya lau, Baba. Sun karɓi sunana. Nan da sati uku za a yi gwaji."

Shekara huɗu ke nan da aka yi babban taron ƙasa, aka buɗe bakin jama'a, jaridu suka cika bakin titi har masu ƙosai suka sami abin naɗe kaya. A cikin sauyin nan aka rufe kamfanin sufurin da Maharazu ya yi wa tuƙi shekara goma sha shida, ya koma ɗaukar fasinja a tsohuwar Fijon wani mai gida daga tashar Jonke zuwa Legas. Bai yi fushi da sabon zamani ba. Abin da yake jira kawai shi ne ya ga ranar da zamanin zai leƙo unguwarsu ta Zongo ya tambayi wani da sunansa. To, ga shi wani sabon kamfani a Kajehun ya sami aikin shigar da sunayen masu jefa ƙuri'a a na'ura, yana neman mutum goma sha biyu, kuma an ce ba a tambayar ɗan wane ne kai. Takardar birebe kawai, shaidar gama ƙaramar sakandare, da saurin hannu.

Safara'u ta durƙusa kusa da shi ta shimfiɗa takardar a kan gwiwarta. Layi biyar ne, kowane da harafi ɗaya a gabansa.

"Ka ga, Baba, in an kunna ordinatar, wato na'urar, gilashin sai ya yi shuɗi, wannan jerin ya fito. Ba a yi masa dogon bayani. Harafi guda za ka taɓa. A shi ne Ajouter, a buɗe sabon kati a sa suna. C a nemo wanda aka riga aka sa. M a gyara. E a adana abin da aka rubuta. Q kuwa fita ne gaba ɗaya, gilashin ya yi baƙi, in ba ka adana ba duk aikinka ya bi ruwa."

"Kin taɓa da hannunki?"

"Ina! Mu arba'in da ɗaya muka kewaye na'ura guda. Ƙeyar mutane na fi gani. Madam ɗin da ke kan aikin ta ce kati ashirin cikin rabin awa, kuma wanda ke kallon yatsunsa ba zai kai ba."

Daga cikin zaure wata murya ta ce, "Kati ashirin! Ni a rabin awa turmi ashirin nake aunawa, ban taɓa harafin kowa ba."

Yaya Bibata ce, yayar Maharazu, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Atamfa take sayarwa a Malanbil, can bakin iyakar Nijar, ta zo Kutonu sarin kaya. Ba ta da 'ya mace, idonta kuma ya fara yin hazo. Tun ranar da aka yi sadakar bakwai ta Lubabatu, matar Maharazu, ta ce a ba ta Safara'u ta riƙe, kuma duk Zongo ba wanda zai ce gwaggo ba ta da wannan haƙƙi. Maharazu ya yi ta ja mata rai, yau a bari ta gama lakwal, makarantar boko, gobe a bari sakamako ya fito. Shekara biyu ke nan da fitowar sakamakon, yarinya tana gida tana ƙulla ruwan sanyi a leda. Wannan zuwan, Bibata ta tsare shi, ya ba ta magana a gaban liman: in aikin nan bai samu ba, ta tafi da ita. Daga Kutonu zuwa Malanbil kwana biyu ne, jirgin ƙasa zuwa Paraku sannan mota. Safara'u kuwa ita kaɗai Allah ya bar masa cikin huɗu.

Kwana biyu yana tuƙi yana juya maganar. Yaya mutum zai koyi abin da bai taɓa taɓawa ba? A rana ta uku, da ya sauke fasinja a Legas, bai koma layi ba. Ya kutsa cikin kasuwar tsofaffin kayan lantarki, inda ake tara rediyo da talabijin kamar doya. A wata rumfa ya ga abin da yake nema, an jibge su cikin kwali: allunan haruffa na na'ura, kowane da wutsiyar waya. Ya zaɓi wanda ba ko ɗaya da ya ɓalle. Aji huɗu ya yi a lakwal, amma haruffa ya san su. Ya fiddo kwafin jerin da Safara'u ta rubuta masa, ya bi allon da yatsa a hankali. Ga A. Ga C. Ga M, ga E, ga Q. Ya sake dubawa. Duk biyar suna nan.

A Jonke, Badarou, abokin layinsa, ya leƙa cikin jakar da aka sa allon ya fashe da dariya.

"Jama'a ku zo ku gani! Maharazu ya sayo sitiyari ba mota!"

"Da sitiyari ka fara kai ma."

"Ni da sitiyarin mai gida na fara, akwai inji a gabansa. Wannan in ka danna, a ina rubutun zai fito? A goshinka?"

"A kan 'yata zai fito," in ji Maharazu, ya ja zip ɗin jakar.

A gida, Safara'u ta karɓi allon. Ta sa gefen zanenta ta goge shi harafi bayan harafi, ta hure ƙurar da ke tsakani. Ta samo murfin kwali ta zana jerin nan biyar da babban rubutu, ta jingina shi da bango a matsayin gilashi. Daga ranar, duk la'asar in Maharazu ya dawo, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ita ta ɗora allon a kan kujerar tsuguno, shi ya zauna gefe yana kiran sunaye. Ba ya bukatar takarda. Layinsu yake bi gida-gida a ka: Halilu mai nama da matansa, Yaƙubu tela, Abdulƙahar na kusa da masallaci, Rukaiya mai fura. Kafin kowane suna sai ta taɓa A, kas, sannan yatsu su zuba kamar yayyafi a kan kwano.

Kwana biyar da farawa ya lura tana satar kallon hannunta.

"Uwata, ba an ce ban da kallo ba?"

"Sai na gani nake tabbata, Baba."

"Kin taɓa ganin direba yana leƙa giya kafin ya sa? Ido na hanya ne. Hannu ake koya wa, har ya daina tambaya."

Ya tashi ya ɗauko wani tsohon ɗankwalin Lubabatu ya lulluɓe mata hannuwa da allon gaba ɗaya. Ranar ta yi ta kuskure har ta kusa kuka. Bayan sati guda ƙaramin yatsanta na hagu ya san gidan A yadda ƙafa ta san dokin ƙofa. Bayan sati biyu tana rufe ido tana yi. Bibata, da ke ware atamfofi a inuwa, takan ce, "Ku dai kuna ta kiran mutane ba wanda ya amsa." Amma Maharazu ya lura in sun tsaya hutawa, ita ce ke cewa, "Kun manta da gidan Tahirou."

Ranar gwaji bai je tasha ba. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki Safara'u a Fijo, allon yana cikin jaka a kan cinyarta, tana ta motsa yatsu a kansa har Kajehun. Biron kamfanin, wato ofishinsu, wani gida ne mai bene ɗaya da bishiyar mangwaro a tsakar fili. Jiragen sama suna wucewa ƙasa-ƙasa har tagogi su yi rawa. Aka shigar da su goma-goma. Ta miƙa masa jakar ta shiga cikin rukuni na biyu.

Sauran iyaye suka zauna a benci. Maharazu ya kasa zama. Ya zaga gefen ginin, ya sami tagar da gilasanta ke jere a kwance, ɗaya ya fashe, ya kafa ido. Ga ta can a layin gaba, bayanta yake gani da rabin gilashin na'urarta. Shuɗi ne, da layuka biyar farare, daidai yadda ta zana a kwali. Wata mace doguwa mai tabarau, Madam Ahuwansu, shugabar aikin, ta ɗaga agogo ta ce a fara.

Safara'u ta juya kai wajen katunan da aka tara mata. Ta taɓa.

Gilashin ya yi baƙi.

Maharazu ya ji kamar an taka masa birki a ƙirji. Na kowa ya buɗe, ɗakin ya cika da ƙarar yatsu, nata kaɗai ne baƙi da wani ɗan haske yana ƙyaftawa a kusurwa. Ta ɗaga hannu. Madam tana can ƙarshen ɗaki wajen wani, sai da ta gama ta zo, ta rubuta wani abu, shuɗin ya dawo. Safara'u ta gyara zama, ta mayar da ido kan kati, ta taɓa. Ya sake yin baƙi.

Wannan karon Madam ta tsaya a kanta, ta nuna mata allon da bakin biro. Safara'u ta sunkuyar da kai ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Ko daga bayanta Maharazu ya ga yadda kafaɗunta suka sauka. Sannan ta fara aiki, amma ba irin na tsakar gida ba. Yatsa ɗaya-ɗaya, kai a ƙasa, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ya ƙirga katunan da take juyawa. Uku. Biyar. Bakwai. Hannun ya fara sakewa, ƙarar ta fara haɗuwa, ya ga ta ɗaga kai ta koma kallon kati, ya ce a ransa alhamdulillahi. Ta gama na tara, jerin ya dawo, ƙaramin yatsan ya tafi inda ya saba.

Baƙi. Ba ta adana ba.

Da aka ce a tsaya, kati huɗu ne a na'urarta.

Ta fito ba hawaye, abin da ya fi tsorata shi ke nan. Ta tsaya a gabansa a ƙarƙashin mangwaron tana kallon yatsunta.

"Baba, ba a nan A yake ba. Yana sama. Inda nake taɓawa, Q ne a wurin."

"Kamar yaya ba a nan yake ba? Ai na duba. Duk biyar suna nan."

"Suna nan. Wurin zamansu ne ba ɗaya ba."

Ya buɗe jakar ya dubi allon. Wutsiyar wayar ta naɗe a jikinsa. Shi ya je Legas, shi ya zaɓa, shi ya ɗauko ɗankwalin ya rufe mata ido daga abin da, da ta gan shi da wuri, da ta tambaya. Ya tuna ranar da ya bar tsohuwar motar kamfani mai giya a jikin sitiyari ya hau wadda giyarta ke ƙasa, yadda ya yi wata guda hannunsa yana kai wa iska cafka, har ya kusa shiga rumfar wata mai tumatir a Seme. Ya san abin nan sarai. Bai dai yi zaton na'urar Turawa ma tana da shi ba.

"Jira ni a mota," ya ce.

Bai taɓa shiga biro ba a kira shi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa har rukuni na ƙarshe ya fita, sannan ya yi sallama, ya cire takalmi ko da yake ba wanda ya cire. Madam Ahuwansu tana haɗa takardu. Ya fara jera Faransancinsa na tasha, kalmomin suna tuntuɓe da juna. Ta saurara kaɗan, sai ta juya zuwa harshen Fon, wanda yake ji tun yana yaro a kasuwar Tokpa.

"Baba, in don 'yarka ka zo, kada ka wahalar da bakinka. Ba zan taɓa sakamakon ba. Mun sha rana a kan titin nan muna zanga-zanga don kada uban kowa ya ƙara shigowa ya gyara takarda. Ba zan fara da kai ba."

"Ban zo a gyara ba, Madam. Abin da ta yi shi ta yi. Ina so ne in ga allonku da idona."

Ya fiddo nasa. Ta dube shi, ta dubi mutumin, ta karɓa ta ajiye kusa da na na'urar. Ta sauke tabaranta.

"Ina ka samo wannan?"

"Legas."

"A kansa ta koya?"

"Sati uku. Da zane a kan hannunta. Ni na sa mata zanen."

Madam ta bi allunan biyu da ido. Wani jirgi ya wuce, suka jira ƙararsa ta lafa.

"Na masu Ingilishi ne. Namu na Faransa ne. Duba nan." Ta nuna da biro. "A da Q sun yi musayar gida. Z da W ma haka. M ya bar layin ƙasa ya hau nan gefe. Na'ura ba ta san abin da yarinya ke nufi ba, inda aka taɓa kawai ta sani. Na yi mamaki, don katunan nan huɗu ba kuskure ko ɗaya, har sunayenku na Zongo da kowa ke karya wa ƙafa."

"In na zana, laifi ne?"

Ta ba shi biro. Ya juya bayan takardar jerin, ya durƙusa a gaban teburin, ya zana layi uku na haruffa, gida-gida, yana dubawa sau biyu kafin ya rubuta kowane. Haruffan suka fito manya kamar na ɗan aji ɗaya. Ba ta hanzarta shi ba.

"Ka karanta sanarwar da ke ƙofa?" ta ce da ya gama.

"Rubutun ƙanana ne."

"Mutum bakwai kawai suka kai ashirin yau. Saura biyar. Nan da kwana goma za a sake, duk wanda ya faɗi yana da damar zama sau ɗaya. Ba alfarma ba ce, na kowa ne. Amma in faɗa maka gaskiya, cire wa hannu abin da ya saba ya fi koya masa sabo wuya."

"Na sani," in ji Maharazu. "Direba ne ni."

Kwana goma. Tikitin jirgin Bibata na ranar Lahadi ne, saura kwana uku, kuma tun jiya ta sa an ɗaure kayanta. Suka iso Zongo. Safara'u ta wuce ɗaki. Bibata tana kan tabarma tana jan carbi, ta dubi fuskarsa sau ɗaya ta gane.

"To. Allah ya sa haka ne alheri. Sai ta fara haɗa kayanta."

Maharazu ya ajiye jakar. Shekararsa arba'in da bakwai, bai taɓa mayar wa matar nan magana ba. Ya durƙusa a gefen tabarmar kamar yadda yake yi yana yaro in ya fasa tulu.

"Yaya, ina roƙon kwana goma."

"Kwana goma na me? Maharazu, a gaban liman ka yi magana."

"Na yi. Ban janye ba."

"To me ya rage? An gwada, ba ta ci ba. Ni ba mugunta nake nufi da ita ba. Rumfa zan ba ta, in koya mata abin da zai riƙe ta har tsufa. Kai me za ka bar mata? Fijon da ba taka ba?"

"Ba ita aka gwada yau ba, Yaya. Ni aka gwada. Ni na sayo mata abin da ba shi ba ne, na rufe mata hannu na ce kada ta duba. Ta bi maganata, shi ya kayar da ita. In kin tafi da ita a kan wannan, har in mutu ba zan san ko za ta iya ba. Ita ma ba za ta sani ba."

Bibata ta ci gaba da jan carbinta. Maharazu ya tashi ya ɗauko sukundireba daga akwatin mota. Ya zauna a ƙasa, ya shimfiɗa zanen da ya yi, ya sa bakin ƙarfen a ƙarƙashin A ya ɗaga a hankali, yana tsoron kada ya karye. Ya ɓalle, ɗas. Ya ciro Q. Ya musanya su, ya danna kowane har ya zauna. Ya bi Z da W. M ya ba shi wahala, sai da ya cire wani mai ɗigo-ɗigo ya ba shi wuri. Da ya gama ya bi layukan uku da yatsa yana gwadawa da takarda, wannan karon ba ko suna nan yake dubawa ba, inda suke yake dubawa.

"Abin da ya hana ta aikin ke nan?" in ji Bibata. "'Yan ƙwaryar nan biyar?"

"Su ne."

"Hm."

Washegari da safe ta sa mayafi ta fita ba ta ce ina za ta ba. Da ta dawo ta jefa tikitin a cikin kwanon goronta, ta ce wa bango, "Mutanen tashar jirgin nan ba su da kunya, sai ka ce ranar tasu ce." Maharazu ya duba a ɓoye. An mayar da shi sati biyu gaba.

Kwanakin nan goma sun fi na farko ɗaci. Ba zane a kan hannu yanzu. Safara'u tana kallo tana taɓawa, amma da zarar ta ɗauke ido, yatsan ya koma tsohon gida. Maharazu yana tasha da rana, don haka Bibata ce ta karɓi kiran sunaye. Ta ɗaura wa ƙaramin yatsan jan zare don ta riƙa ganinsa duk da hazon idonta, ta zauna da ludayi a hannu. In yatsan ya sauka ƙasa, ƙwas a bayan hannu.

"Wayyo, Gwaggo!"

"Sama aka ce! Ke da ubanki duk kanku ɗaya, sai an buga. Sake. Labiba matar Muhyiddeen."

Ran nan Maharazu ya dawo ya tarar da su, ya tsaya a zaure bai shiga ba. Yayarsa tana kiran sunayen mutanen Malanbil, don na Zongo sun ƙare, tana horar da hannun da in ya koya ba zai auna mata atamfa ba.

Ranar gwaji na biyu ya sake tsayawa a tagar nan mai fasasshen gilashi. Jan zaren yana nan a yatsanta, ta ƙi cirewa. Madam ta ɗaga agogo. Safara'u ta dubi kati, hannunta ya tsaya cak a kan allon na ɗan lokaci, sannan ƙaramin yatsan ya miƙa sama. Jerin ya kau, farin kati ya buɗe a cikin shuɗin. Bayan kowane biyar yana ganin ta taɓa E. Ba ta kai saurin tsakar gida ba. Ya ƙirga har ashirin da ɗaya, bai ga baƙi ba, sai ya zauna a kan tushen mangwaro.

Sunanta ne na huɗu cikin biyar.

Ranar Lahadi suka raka Bibata tashar jirgi. Maharazu ya loda mata ƙunshin atamfofi, ya nemo mata wuri kusa da taga, ya roƙi wata mata mai zuwa Paraku ta riƙa duba mata matakala in za a sauka. Bibata ta ce ba ta makance ba tukuna. Safara'u ta riƙe mata hannu ta taga tana kuka, kukan da ba ta yi ba ranar da ta faɗi.

"Share fuskarki, ma'aikaciya," in ji Bibata. "In katina ya zo hannunki, ki rubuta sunana daidai. Bibata, ba abin da suka sa wancan zaɓen ba."

Jirgin ya motsa. Maharazu ya ga ta laluba gefen kujera da tafin hannu kafin ta jingina, abin da bai taɓa ganin ta yi ba. Ya bi taragon da ido har ya shige bayan rumbunan tashar. Kwana biyu za ta yi a hanya ita kaɗai, ta buɗe rumfa ita kaɗai.

"Baba, mu tafi," in ji Safara'u. "Ƙarfe bakwai aka ce gobe."

Ya ce to, amma bai motsa nan da nan ba.